Me ke hana wayar salula ɗaukar caji?

Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, tana cikin manyan tashoshin samar da wutar lantarki a Najeriya. Sai dai a ƙauyukan masunta da dama na ƙaramar hukumar Ngaski da ke gaɓar tafkin, a jihar Kebbi, da janareta ko farantin sola ake cajin waya.

Idan wayar ta ƙi ɗauka, wasu kan garzaya Wara ko Yelwa su sayi sabon batir, alhali sau da yawa ba shi ne da laifi ba.

Abin da ya kamata a fara zargi shi ne igiyar caji. Zaren tagullar da ke cikin igiya mai araha siriri ne, saboda haka wuta kan ragu kafin ta isa wayar, musamman idan igiyar doguwa ce. Yawan naɗewa kuma kan katse zaren daga ciki ba tare da an gani ba. Gwajin bai da tsada: a aro igiyar wani a jona.

Caji mai sauri kuwa ba ya yiwuwa sai wayar da kan caja da igiyar duk sun dace da juna. Tsohuwar kafar USB ta kwamfuta wat 2.5 kacal take bayarwa, yayin da cajar zamani kan ba da 18 ko fiye.

Daga nan sai a duba inda wutar ke fitowa. Ƙaramin janareta kan yi ta hawa da sauka idan mai ya kusa ƙarewa, abin da kan ƙona caja maras inganci. Wayar da aka jona kai tsaye da farantin sola takan daina ɗauka da zarar gajimare ya rufe rana, shi ya sa ya fi kyau wutar ta fara shiga batirin ajiya.

Akwai kuma ramin cajin kansa. Ƙurar hunturu kan toshe shi, kuma tsinke ya isa a share ta a hankali, amma ban da allura. Idan ruwa ya shiga, kamar yadda kan faru a kwale-kwale, a kashe wayar a bar ta ta bushe a inuwa kafin a jona.

Batirin da ya kumbura har ya ɗaga murfi yana iya kamawa da wuta. Wannan kam a daina cajinsa nan take, a kai wa mai gyara.