Tarihin Takardar Mallakar Ƙirƙira

Takardar mallakar ƙirƙira, wadda Turawa ke kira fatent, shaida ce da hukuma ke ba wanda ya ƙago wata na'ura, ko wani kayan amfanin gida, ko sabuwar hanyar sarrafa wani abu, ta yadda ba mai ƙera irinsa ko sayarwa sai da yardarsa har zuwa wani wa'adi. A yawancin ƙasashe wa'adin yanzu shekara 20 ne, ana ƙirgawa daga ranar da aka shigar da takardar nema. Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi zai tona sirrin abin da ya ƙago, ya rubuta dalla-dalla yadda duk gwanin wannan fanni zai iya yin irinsa, hukuma kuma ta tsare masa kasuwa. Ranar da wa'adi ya cika, abin ya zama na kowa. Wanda ya tashi a gidan maƙera ko na marina, inda sirrin sana'a ba ya wuce ɗa da jika, zai ga baƙuntar wannan tsari nan take, domin a nan sai ka faɗi sirrinka kafin a kare maka shi.

Mafari

Kalmar ta samo asali daga Latin, ma'anarta buɗaɗɗiyar wasiƙa, irin wadda sarakunan Turai ke bugawa hatimi ba tare da an naɗe ta ba don kowa ya karanta. A 1421 hukumar birnin Fulorans a Italiya ta ba maginin nan Filippo Brunelleschi damar shekara uku a kan wani jirgin ruwa da ya ƙago don jigilar duwatsun marmara a kogin Arno. Jirgin dai daga baya ya nutse da kayansa. A 1449 Sarki Henry na Shida na Ingila ya ba wani mai suna John na Utynam shekara 20 a kan yin gilashi mai launi. Amma duk waɗannan alfarma ce daga masu mulki. Dokar farko da ta mayar da abin haƙƙin duk wanda ya cika sharaɗi ita ce ta birnin Benis, ta 19 ga Maris 1474. Ta ce wanda ya ƙera sabuwar na'ura mai amfani ya kai ta a rubuta, a ba shi shekara 10. Wanda ya kwaikwaya ya biya dukat 100, kuɗin zinariyar garin, a kuma farfasa abin da ya ƙera.

A Ingila sai da aka sha rigima. Sarauniya Elizabeth ta Farko da magajinta James sun mayar da buɗaɗɗiyar wasiƙa hanyar saka wa fadawa: wannan a ba shi cinikin gishiri shi kaɗai, wancan sitaci, wani ma katin karta. Talaka ya ji a jikinsa. A 1624 majalisa ta soke irin wannan babakere, ta bar ƙofa ɗaya tak, wato sabuwar ƙirƙira, ga wanda ya fara ƙago ta, na shekara 14. Masana na danganta adadin da zaman koyon sana'a na lokacin, wanda shekara bakwai ne, wato isasshen lokacin da maigida zai yaye rukunin yara biyu.

Sharaɗin rubuta cikakken bayani ya kankama ne a ƙarni na 18, kuma kotuna ba su ɗauke shi da wasa ba. Richard Arkwright, attajirin injinan kaɗin auduga, ya rasa takardarsa ta 1775 a gaban alƙali a 1785, kuma cikin dalilan har da cewa bayaninsa a dunƙule yake, ba mai iya bin sa ya ƙera komai. James Watt kuwa ya dace: takardarsa ta 1769 a kan gyaran injin tururi, majalisa ta tsawaita ta har zuwa 1800.

Ofishin Amurka da tarin samfura

Amurka ta yi dokarta a 1790, Faransa a 1791. Takardar Amurka ta farko ta fita ranar 31 ga Yuli 1790 da sa hannun shugaban ƙasa George Washington, ga Samuel Hopkins, a kan ingantacciyar hanyar tace gishirin toka da ake sabulu da gilashi da shi. A 1836 aka ɗauki ma'aikata na musamman masu tantance ko abin da aka kawo sabo ne, aka kuma fara ba takardu lamba. Lamba ta 1 ta John Ruggles ce, a kan ƙafar jirgin ƙasa. Cikin Disambar shekarar gobara ta cinye ofishin da takardu kusan 10,000, waɗanda aka iya sake haɗawa ba su kai 3,000 ba.

Har zuwa 1880 mai nema sai ya haɗa da ɗan ƙaramin samfurin abin da ya ƙago, na katako ko na tagulla. Ɗakunan ofishin suka cika da tarkunan ɓera, garmuna, injinan wanki, makullai da murhuna, har mutane ke zuwa kallo. Cikinsu akwai na Abraham Lincoln, wanda a 1849 ya sami lamba 6,469 a kan dabarar ɗaga jirgin ruwa in ya kafe a yashi. Ba a taɓa ƙera ta ba, amma har yau shi kaɗai ne shugaban Amurka mai irin wannan takarda. Ƙofar kuma ba ga kowa take buɗe ba. Thomas Jennings, tela baƙar fata ɗan New York, ya sami tasa a 1821 a kan hanyar tsabtace tufafi, saboda shi ɗa ne. A 1858 babban lauyan gwamnati ya yanke cewa abin da bawa ya ƙago ba a ba shi takarda, ba a kuma ba ubangidansa.

Rigimar keken ɗinki

Babu inda halin wannan tsari ya fito fili kamar a kan keken ɗinkin da ke shagon kowane tela. A 1790 wani Bature ɗan Ingila, Thomas Saint, ya yi rajistar na'urar ɗinkin fata, amma ya cusa ta cikin takardar da ta haɗa da su manne da fentin takalma, ba wanda ya lura da ita sai 1874. A Faransa, tela Barthélemy Thimonnier ya sami takarda a 1830, ya jera kekuna kusan 80 yana ɗinka kakin soja, sai telolin Paris suka afka wa shagon suka ragargaza su don tsoron rasa abinci.

Dabarar da ta warware matsalar ƙarama ce a ido. Allurar hannu kafarta a gindi take, dole ta ratsa yadi gaba ɗaya kafin zare ya bi ta. Sai aka mayar da kafar bakin tsini. Allura ta huda yadi, ta leƙa ƙasa da zare, zaren ya yi ɗan lanƙwasa, wata ƙoshiya irin ta masaƙa ta ratsa ta cikinsa da zare na biyu, allura ta koma sama, zaren biyu su sarƙe a tsakiyar yadin. Walter Hunt na New York ya yi wannan tun wajen 1833, amma bai nemi takarda ba. An ce tausayin mata masu ɗinkin hannu ne ya hana shi. Wannan Hunt ɗin dai shi ne ya ƙago fil mai kulle da ake kama mayafi da shi, a 1849, ya sayar da haƙƙin dala 400, wai don ya biya bashin dala 15. Gwani ne a ƙira, amma ba shi da hannun kasuwa.

Elias Howe ya zo da irin wannan dabara, shi kuwa ya kai ta ofis, ya karɓi lamba 4,750 ranar 10 ga Satumba 1846. Kekensa da hannu ake juyawa, yadin kuma a rataye yake jikin wasu ƙusoshi, sai an yi ta cirewa ana mayarwa. Bai sami kasuwa a gida ba, ya tafi Ingila, ya dawo a 1849 ba ko sisi, ya tarar wasu na ta sayar da kekuna masu allurarsa. Mafi ƙarfinsu Isaac Singer ne, wanda ya sami tasa takardar a 1851. Keken Singer ya fi na Howe nesa ba kusa ba: yadi a kwance kan tebur, allura miƙaƙƙiya tana hawa da sauka, ga ƙarfen da ke danne yadin. Sai dai kafar allurar a tsini take, kuma wannan na cikin abin da Howe ya rubuta. Singer ya nemo Hunt don ya nuna cewa an riga Howe, aka lalubo ragowar tsohon keken, amma hukunci ya ce wanda ya ƙago abu ya jefar a lungu bai kai wanda ya bayyana shi ba. A 1854 Singer ya biya Howe dala 15,000.

Hakan bai kashe wutar ba, domin kowane kamfani na riƙe da wani yanki da keke ba ya tafiya sai da shi, kowa kuma na ƙarar kowa. A 1856 kamfanonin Singer, da Wheeler & Wilson, da Grover & Baker, tare da Howe, suka zuba takardunsu a tukunya ɗaya. Duk mai son ƙera keke ya biya su dala 15 a kan kowane ɗaya, Howe na da dala 5 a kan wanda aka sayar cikin Amurka. Haɗakar ta tsaya har 1877 da takarda ta ƙarshe ta ƙare, farashin keke ya faɗo. Howe ya mutu attajiri a 1867, amma sunan Singer ne ya zauna a jikin keken.

Tseren wa ya riga wa irin na Hunt da Howe ya maimaitu ranar 14 ga Fabrairu 1876, da lauyan Alexander Graham Bell da na Elisha Gray suka kai takardunsu kan wayar tarho a rana ɗaya. Bell aka ba.

Tsallaka iyaka

Ba kowace ƙasa ta yarda da tsarin ba. Holan ta soke dokarta a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912. Masu ƙirƙira kuma na ɗari-ɗari da kai kayansu baje kolin ƙasashen waje don gudun a kwafe, abin da ya fito fili a bikin Biyenna na 1873. Wannan ya haifar da yarjejeniyar Paris ta 1883: wanda ya shigar da takarda a ƙasa ɗaya yana da wa'adi, yanzu wata 12, ya shigar a sauran ba tare da wani ya sha gabansa ba. Yarjejeniyar 1970 ta ba da damar fara nema a ƙasashe da yawa da takarda guda, ta hannun hukumar WIPO da ke Janiba, sannan ƙa'idojin cinikin duniya na 1995 suka daidaita wa'adi a shekara 20. Amurka ta ba da takarda ta miliyan 10 a 2018. Tun 2011 ofishin ƙasar Sin ya fi kowanne karɓar takardun nema.

A Afirka mulkin mallaka ne ya shigo da tsarin. Dokar 1925 a Najeriya ta ce sai mutum ya sami takarda a Landan kafin ya zo ya yi mata rajista a gida, haka aka zauna har bayan 'yancin kai, sai a 1970 ƙasar ta yi dokarta. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a duk ƙasashen ƙungiyar. Gana da Sudan suna cikin wata ƙungiyar, ARIPO, da ke Harare. Najeriya ba ta cikin ko ɗaya. Ofishin rajistarta da ke Abuja yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin da aka kawo sabo ne. Dokar da kanta ta ce ana ba da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba, in gardama ta taso Babbar Kotun Tarayya ce ke raba ta.