Daga Kasuwar Kurmi Zuwa Tsibiran Karebiyan: Tarihin Abincin Mai Ƙaramin Ƙarfi

Gabatarwa

Duk Bakanon da tafiya ta kai shi Landan, ya shiga ɗaya daga cikin ƙananan gidajen abinci masu araha na baƙaƙen fatar nan 'yan asalin tsibiran Karebiyan, waɗanda suka fara kwararowa Ingila a shekarar 1948, zai ga abin mamaki. Za a zubo masa shinkafa da wake, a ɗora naman akuya wanda ya ji yaji, sa'an nan a kawo masa wani jan abin sha mai ɗan tsami da ƙamshin citta, wanda da kurɓa ɗaya zai gane zoɓo ne. Yajin da ke ratsa miyar kuwa ɗan'uwan attaruhu ne. To, me ya haɗa abincin mutanen Jamaika da Tirinidad da na ɗan dakon Kasuwar Kurmi, alhali ga hamada, ga kurmi, ga kuma teku a tsakaninsu?

Amsar tana cikin wani ɓangare na tarihi wanda ba mu cika kulawa da shi ba. Littattafanmu cike suke da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma da wuya ka ga an faɗi abin da mai gina ganuwa ya ci kafin ya ɗauki tubali. Ga shi kuwa Hausawa sun ce da ruwan ciki akan ja na rijiya. Wannan maƙala za ta bi sawun abincin sayarwa a cikin birnin Kano, sa'an nan ta leƙa waɗancan tsibirai don a ga inda zumuncin ya samo asali.

Birni da baƙinsa

Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma shi ya kafa Kasuwar Kurmi. Kasuwa ita ke kawo baƙo, baƙo kuwa ba ya tahowa da murhu. Babban falke ba shi da damuwa, domin yana da fatoma, watau mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, a kuma fito masa da tuwo daga cikin gida. Sunan unguwar Alfindiki ma daga kalmar Larabci ta masaukin fatake ya fito. Larabawan Tarabulus da na Gadamus da suka zauna a birni sun bar mana abincin alkama, musamman gurasa, wadda sunanta da na tanderun da ake gasa ta duk daga Larabci suke. Har yanzu akwai unguwa a cikin birni mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa.

Amma fa ba kowane baƙo ne falke ba. Bayan kowane madugu akwai 'yan alaro da masu kora jakuna, ga 'yan cirani, ga almajirai, ga mutanen karkara da suka kawo hatsi ko itace suna son su koma kafin a rufe ƙofa. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a watan Fabrairun 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin dubu 30 ne, amma da rani, lokacin da fatauci ya kankama, adadin yakan kai dubu 60. Ke nan a wasu watanni rabin mutanen da ke cikin ganuwa baƙi ne, kuma kowannensu da cikinsa ya zo.

Abin da Clapperton ya gani

Tun kafin Barth, wani Baturen mai suna Hugh Clapperton ya shigo Kano a watan Janairun 1824, ya kuma bayyana Kasuwar Kurmi dalla-dalla. Ya ce a kusa da mahauta akwai wuraren cin abinci a fili, ko wanne wuta ce aka hura, aka kewaye ta da tsinkaye masu ɗauke da 'yan yankan nama, tsoka da kitse a jere. Mai karatu ya riga ya gane tukuba ce da tsire. Ya yaba da tsabtar wurin, ya kuma ce ya ga mace zaune da faifai a kan cinyarta tana sallamar masu saye, su kuma suna tsugune kewaye da ita. Shekara ɗari biyu ke nan da wannan bayani, amma in ka cire wurin da ake biya da shi, ka sa naira, sai ka ce jiya aka rubuta shi.

Akwai wani abu kuma da ya gani a wannan kasuwa, wanda bai kamata mu tsallake shi ba. Ya ga dogayen rumfuna biyu, ɗaya ta maza ɗaya ta mata, inda ake sayar da bayi. Mu riƙe wannan, domin nan gaba kaɗan za mu komo kansa.

Gidan abinci marar allo

Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne, me ya hana gidajen abinci masu kujeru da tebura yaɗuwa a cikin birni tun da daɗewa? Dalili na farko kunya ce. A al'adar Bahaushe, magidanci mai mutunci ba ya zama a bainar jama'a yana cin abinci, wannan sai baƙo da tuzuru da yaro. Shi a zaure yake ci, ko a ƙofar gida wajen ciyayya, inda maƙwabta kan haɗu kowa ya fito da akushinsa. Dalili na biyu shi ne masu dafa abincin, watau matan aure, suna cikin kulle.

Sai al'umma ta samo wa kanta mafita. Mace ta dafa a cikin gida, yarinya ta ɗauka ta fita talla, ko kuma a aiko yaro da kwano da kuɗi ya shiga ya sayo. Da sassafe koko da ƙosai, ko waina daga tanda. Da hantsi ɗanwake da dambu da alala da taliya 'yar murji. Da rana fura, da yamma gurasa bandashe, wadda ta sha ƙuli-ƙuli da mai da albasa. Wata masaniya mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira irin wannan sana'a ɓoyayyen ciniki a wata maƙalarta ta 1969. Ita kuma Enid Schildkrout ta yi nata binciken a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara su ne ƙafafun wannan ciniki, kuma gidaje da yawa tuwon dare kaɗai suke girkawa, sauran abincin yini saye ake yi daga maƙwabta.

Ashe ke nan birnin gaba ɗayansa gidan abinci ne, sai dai ba a kafa masa allo ba. Da ribar nan mata suke zuba adashi, su yi biki, su tara wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Amma kada daɗin labari ya sa mu manta da wadda ta ɗauki nauyin, watau yarinyar da ke yawo da faranti a ka lokacin da sa'o'inta ke cikin aji. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976 ake ta muhawara a kan talla da karatun 'ya'ya mata, har yau kuwa ba a gama ba.

Can ƙetaren teku

Yanzu mu koma ga rumfunan nan biyu. Yawancin bayin da aka sayar a Kano a ƙasar Hausa suka zauna, ko aka ƙetara hamada da su. Hausawan da suka faɗa hannun masu jiragen ruwa sun fi yawa ne bayan 1804, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yawaita, kuma galibinsu Bahiya ta ƙasar Birazil aka kai su. Saboda haka ba daidai ba ne a ce Kanawa ne suka koya wa mutanen Karebiyan girki. Abin da ya tabbata shi ne miliyoyin mutanen da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da ta Tsakiya zuwa gonakin rake sun fito ne daga ƙasashen da suka yi tarayya da mu a wake da kuɓewa da yakuwa da tuƙa tuwo. Akwai ma jinin ƙasar Hausa da ya taka tsibiran. Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, haifaffen Jugu ta ƙasar Benin ta yanzu, wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, an bautar da shi a Birazil, ya kuɓuta a birnin New York a 1847, ya zauna a Haiti kimanin shekara biyu, aka kuma buga tarihinsa a 1854.

Masu gonakin rake ba sa son kashe kuɗi wajen ciyar da bayi. Sai su sayo busasshen kifi mai gishiri daga gaɓar Kanada saboda araharsa, su kuma yanka wa bawa wani fili a gefen dutse ya noma abin da zai ci, kamar dai gayauna a tsarin gandu. Rarar da ya samu ita yake kai wa kasuwar Lahadi, kuma mata su ne suka riƙe wannan ciniki, ɗanye da dafaffe. Daga hannun waɗannan mata ƙananan gidajen abincin tsibiran suka gaji girkinsu.

Duba abin da ake sayarwa a cikinsu. A Babados abincin da suke alfahari da shi tuwon masara ne da aka tuƙa da kuɓewa, ana ci da kifi. A Tirinidad da Haiti akwai wani soyayyen ƙulli da suke kira akra, sunan da ya yi daidai da akara, watau ƙosai a bakin Yarabawa, sai dai da suka rasa wadatar wake irin namu sai suka koma yin sa da fulawa da kifi, ko da gwaza. Shinkafa da waken Jamaika da madarar kwakwa ake dafa ta, kuma jan wake suka fi sawa. Bayan an hana cinikin bayi a 1807, aka kuma 'yanta su sarai a 1838, Ingilishi sun kawo 'yan ƙwadago daga Indiya, waɗanda suka fara sauka Tirinidad da Jamaika a 1845. Su suka zo da kori da ake dafa akuya da shi, da kuma roti, wata 'yar'uwar gurasa.

Kaya sun tafi, kaya sun zo

Hanyar ba ta tafiya kaɗai ba ce. Masara da rogo da gyaɗa da dankali da tumatir da barkono duk daga nahiyar Amurka suka zo Afirka bayan ƙarni na 15. Dubi garau-garau, abincin ɗalibi da lebura a Kano. Wakensa namu ne, a Afirka ta Yamma aka fara noma shi. Amma man gyaɗar da aka zuba da barkonon da ke cikin yajin, asalinsu can ƙetaren teku ne. Kwano ɗaya ya haɗa nahiya biyu, mai ci bai sani ba.

Fataken goro kuma sun ɗauki namu sun kai Gwanja da Kumasi, shi ya sa har yau a Gana ake cin shinkafa da wake da sunan da ya fito daga kalmar wake, ana kuma shan koko da ƙosai da sunayensu na Hausa. Abin da ya fi ban sha'awa shi ne zoɓo. Mutanen Jamaika da shi suke bikin Kirsimeti, mutanen Meziko kuwa sunan Jamaika suka laƙaba masa, alhali mafi yawan zoɓon da Nijeriya ke fitarwa waje, wanda ake tarawa a Kano da Jigawa, Meziko ake kai shi.

Zamanin jirgi da naira

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913. Cinikin gyaɗa ya jawo dubban leburori masu ɗaukar albashi, waɗanda ba su da mai dafa musu. A wajen ganuwa, a Fagge da Sabon Gari da bakin tasha, aka fara ganin buka da 'yan tuwo-tuwo da teburin mai shayi, sannu a hankali kuma suka shigo birni. Shinkafa, wadda a da abincin salla da biki ce a garin da ya dogara ga gero da dawa, ta zama ta yau da kullum a shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya sa aka riƙa shigo da ita, aka kuma gama madatsar Tiga a 1974, wadda ta raya noman rani a Kadawa da Kura. Daga baya duk wani matsin tattalin arziki, tun daga na 1986 har zuwa cire tallafin man fetur a 2023, a kwanon mai garau-garau ake fara ganinsa, domin ko dai kuɗin ya ƙaru ko ludayin ya ƙanƙance.

Kammalawa

Abincin araha, a Kurmi ne ko a Kingston, mafarinsa ɗaya: ga mutum yana aikin ƙarfi nesa da gida, ga kuma mace da ta iya sarrafa abin da ya sawwaƙa har ya yi daɗi. Sarakuna sun samu marubuta da mawaƙa, su kuwa waɗannan mata ba a rubuta sunan ko ɗaya ba. Tsofaffin da suka san yadda ake gina tanderu, suka kuma tuna abin da anini da sisin kwabo ke saye, suna nan a lungunan Jakara da Mandawari da Yakasai, amma kullum raguwa suke yi, kamar yadda ganuwar kanta ke zaizayewa. Ɗaliban da ke neman abin da za su rubuta kundin digiri a kansa, ga fili nan a ƙofar gida. A ɗauki alƙalami da rikoda a shiga lungu, a gaida gwaggo da inna, a zauna a saurara tun suna da rai. Allah Ya sa mu dace, amin.