Jinyar Ciwon Ajali: Yadda Aikin Sa-Kai Ya Faro, da Inda Ya Tsaya a Ƙasar Gaya

A Gafasa, ɗaya daga mazaɓun ƙaramar hukumar Ajingi, babu wani gini da aka keɓe wa masu ciwon ajali. Haka yake a Toranke da Balare da Gurduba, har cikin garin Gaya. Idan ciwo ya gagari asibitin Gaya, sai a bi ta Wudil zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Idan can ma likita ya ja babban ɗa gefe ya ce a mai da Baba gida a ci gaba da addu'a, kowa ya gane abin da ake nufi. Daga ranar, aiki ya koma hannun mutanen da ba a biyansu ko sisi.

Wannan aiki ya girmi asibiti da ƙarnuka. Tun zuwan Wangarawa Kano a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Musulunci ya riƙa shiga ƙasar da littattafan fiƙihun Malikiyya. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda har yau ake karantawa a zaurukan malamai, tana da babi guda kan yadda za a yi wa wanda ke gargara da wanda ya cika: a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a rufe masa ido, a yi masa wanka da sutura. Malamai suka koyar cewa wanka da salla da binnewa farali ne a kan gari baki ɗaya. In wasu suka yi, sun ɗauke wa saura. In aka ƙi, kowa ya yi laifi. Daga nan kowace unguwa ta samu mutanenta: dattijon da ya iya wankan gawa, tsohuwar da ake tasa da dare in mace ce ta rasu, telan da ke yanka likkafani, samarin da ke ɗaukar diga da shebur tun kafin liman ya iso.

Zumunci ya ɗora nasa. Gidan makoki ba ya rasa kwanukan tuwo daga maƙwabta, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu ta'aziyya na zuwa da "ya haƙuri?", mai takaba kuma tana da masu leƙa ta wata huɗu da kwana goma. A ƙarni na 20 sai ƙungiyoyi suka sa wa abin kaki. Jama'atu Nasril Islam da Sardauna ya kafa a 1962, Fityanul Islam a 1963, da Izala da aka kafa a Jos a 1978, duk sun fitar da 'yan agaji masu ɗaukar makara da tsare sahu. Izala ta yaƙi sadakar uku da bakwai da arba'in, an kuma sha muhawara a kai, amma babu ɓangaren da ya taɓa cewa a bar gawa ko a ƙi ta'aziyya. Ƙarfin wannan tsari ya fito fili a Afrilun 2020, lokacin da mace-mace suka yawaita a birnin Kano: masu haƙar kabari ne suka fara faɗa wa duniya cewa abin ya wuce yadda aka saba.

Sai dai duk wannan hidima ta fi ƙarfi bayan rai ya fita. Makonni ko watannin da ke gabansa, a ɗaki ake yin su, kuma kusan kullum mace ɗaya ce: matarsa, ko 'yarsa da aka ɗauko daga gidan miji. Ita ce mai ɗiga masa koko da cokali, mai juya shi, mai wanke tsumma da asuba kafin yara su tashi. Gyambo ya fito masa a baya saboda kwanciya, ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake hana shi. 'Yan dubiya su shigo su ce "ya mai jiki?", ta ce "da sauƙi", ko da ya kwana yana nishi. Kunya da dauriya sun hana a faɗi zafin ciwo, zafin da ba a faɗa ba kuwa ba a nema masa magani.

Ta wannan ƙofar ce Turawa suka shigo wa lamarin. Cicely Saunders, ma'aikaciyar jinya da ta koma ta karanta likitanci, ta buɗe gidan St Christopher's a Landan a 1967. Ta nace cewa a riƙa bai wa mai ciwon ajali maganin zafi a kan lokaci tun kafin zafin ya dawo, kuma a kula da tsoronsa da damuwar iyalinsa kamar yadda ake kula da jikinsa. A Afirka, Harare ta Zimbabuwe ce ta fara irin wannan aiki a 1979. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a kudu maso gabashin Najeriya, ta kafa irinsa a Yuganda, inda aka riƙa haɗa maganin zafi na mofin na ruwa mai araha ana kai wa marasa lafiya har gida. A 2004 ƙasar ta yarje wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi. A nan gida, Farfesa Olaitan Soyannwo ta jagoranci aikin a Ibadan, aka buɗe sashe na musamman a asibitin koyarwa na can a 2007. Majalisar Lafiya ta Duniya ba ta zartar da ƙuduri a kan batun ba sai 2014.

Misalin da ya fi kama da halinmu na Kerala ne a Indiya. Can, musamman a gundumar Malappuram mai rinjayen Musulmi, ba a jira gine-gine ba. An horar da maƙwabta ne, malaman makaranta da 'yan kasuwa da ɗalibai, suna zagaya gidaje, ma'aikaciyar jinya na biye da su.

Abin da ya hana haka isowa ƙasar Gaya, a ganina, ba rashin masu sa kai ba ne. Magani ne da horo. Mofin na manyan asibitoci ne, kuma tun da annobar kodin ta sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018, tsoron duk wani magani mai ƙarfi ya ƙaru. Tsoron na da dalili, amma tsohon da ciwon daji ya cinye ba ɗan maye ba ne.

Shugabannin 'yan agaji da limamai da dagatai na Ajingi da Gaya, ku nemi ma'aikatan lafiya su koya wa mutanenku, musamman mata, yadda ake juya majinyaci da wanke gyambo da gane zafin da ke buƙatar likita. Kuma ku tsara a riƙa karɓar mai jinya ko da na dare ɗaya ne a mako, ta samu ta yi barci.