Mallakar Bindiga a Amurka: Haƙƙi ne, Amma da Wane Ma'auni?

Jimla ɗaya tal a kundin tsarin mulkin Amurka ta daɗe tana raba kan masana shari'a. Ita ce Gyara na Biyu, wanda aka tabbatar a watan Disamba 1791 cikin gyare-gyare goma na farko da James Madison ya jagoranci tsarawa. Jimlar ta fara da ambaton buƙatar rundunar sa-kai mai tsari domin tsaron ƙasa, sannan ta hana a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makamai da ɗaukarsu. Gardamar duk a nan take: shin ɓangaren farko sharaɗi ne ga na biyu, ko kuwa shimfiɗa ce kawai?

Masu cewa sharaɗi ne ba su rasa hujja ba. Wata doka ta 1792 ta wajabta wa maza fararen fata masu shekara 18 zuwa 45 shiga rundunar jiharsu, kowa da bindigarsa. A shari'ar Miller ta 1939 ma, Kotun Ƙoli ta ƙi ba da kariya ga bindigar da aka datse wa baki, domin ba a nuna alaƙarta da aikin rundunar ba.

A 2008 ne lamarin ya juya. Dick Heller mai gadi ne da ke rataye bindiga a bakin aiki, amma dokar birnin Washington ta hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gida. Alƙalai biyar cikin tara na Kotun Ƙoli, da alƙalamin Antonin Scalia, suka ce haƙƙin na kowane mutum ne, ko yana cikin runduna ko ba ya ciki. A ganina wannan fahimta tana da madogara, domin "jama'a" da aka ambata a Gyara na Ɗaya da na Huɗu ɗaiɗaikun mutane ake nufi. Kuma Scalia da kansa ya yarda cewa ana iya hana masu manyan laifuka bindiga, a kuma hana shiga da ita makarantu.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne hukuncin Bruen na Yuni 2022. Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa dokar taƙaita bindiga ba za ta tsaya ba sai an samo mata makamanciya a tarihin ƙasar. Wato alƙali ya ajiye tambayar ko dokar tana ceton rai, ya koma tonon tsoffin kundaye. To amma bindigar 1791 'yar'uwar bindigar toka ce ta mafarautanmu: a ɗura albarushi, a cusa harsashi da sanda, a harba sau ɗaya, a sake ɗuri. Wata guda kafin hukuncin, matashi ɗaya ya kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare ta Uvalde da ke Texas. Ta ina 'yan majalisar ƙarni na 18 za su yi wa irin makamin da ya yi amfani da shi doka?

Ba a jima ba aibin ya fito fili. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta bi Bruen sau da ƙafa, ta soke dokar da ke raba bindiga da mutumin da kotu ta hana kusantar matar da yake yi wa barazana, bisa hujjar cewa magabata ba su yi irinta ba. Ai ba za su yi ba, tunda a zamaninsu dukan mace a gida bai cika damun hukuma ba. Sai da Kotun Ƙoli ta warware wannan a shari'ar Rahimi ta 2024, alƙalai takwas a gefe guda, Thomas shi kaɗai a ɗaya gefen.

A 2021 kaɗai, bindiga ta ci rayuka fiye da 48,000 a Amurka, fiye da rabinsu mutanen da suka kashe kansu ne. Haƙƙin mallakar bindiga yana cikin kundin, wannan ba na musunsa. Ma'aunin Bruen ne kuskure, kuma ya kamata Kotun Ƙoli ta janye shi, ta bar alƙalai su auna kowace doka da rayukan da take karewa a yau.