Macijin Kusugu Da Ranar Juma'a

Ina da shekara tara aka fara kai ni rijiyar Kusugu, kuma ban sha ruwan ba. Mai kula da wurin ya zura guga ya jawo, baƙi suka yi ta karɓa suna sha suna shafawa a fuska, ni kuwa na maƙale a bayan kawuna, idona na kan bakin ramin. An gaya mini an kashe macijin tun kafin a haifi kakannin kakannina. Amma ina ruwan yaro da an kashe? Abin da ya sani shi ne rami ne mai duhu, kuma wani abu ya taɓa zama a ciki.

Mu 'yan Daura da labarin Bayajida muka tashi, muna ɗaukarsa tarihin sarauta: auren Daurama, haihuwar Bawo, asalin Hausa Bakwai. Sai da na shiga karatun adabi na lura cewa in aka ajiye sarautar gefe, abin da ya rage labarin ban tsoro ne tsantsa. Gari guda, rijiya guda, da wata halitta da ta hana mutane ruwa. Baƙo ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa, ta ce masa a garin nan ba a ɗiba sai ranar Juma'a.

Wannan Juma'ar ita ce ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya. Ina maciji ya san Juma'a? Sunayen ranakun mako da muke amfani da su daga Larabci suke, tare da Musulunci suka shigo mana. Ke nan bakin da ya sa Juma'a cikin labarin bakin Musulmi ne, haka ma wanda ya ce jarumin daga Bagadaza ya fito, birnin halifofi. Masana tarihi irin su Abdullahi Smith sun yi kashedin kada a ɗauki labarin tamkar abin da ya faru ƙafa da ƙafa, kuma ban musa musu ba. Sai dai ni ba gaskiyar aukuwarsa nake bi ba. Sawun hannuwan da suka taɓa shi nake bi, domin a nan ake ganin abin da addini ke yi wa tsoro.

A dubi yadda mutanen garin suka zauna da macijin. Sarki suke kiransa. Ba gudu suka yi suka bar masa garin ba, zama suka yi da shi bisa ƙa'ida: yana da kwanakinsa, suna da ranarsu. Wannan shi ne zaman Bahaushen dauri da iskoki, masu zama cikin kuka da tsamiya da tsofaffin rijiyoyi, kamar yadda Tarihin Kano ya ba da labarin Tsumburbura da Barbushe a Dala. Ana ba iska hakkinta, ita kuma ta bar mutum ya yi noma ya haihu. Tsoron da ke cikin irin wannan zama na saɓa sharaɗi ne. Shi ya sa Dodon tatsuniya ba kasafai yake cin mutum haka kawai ba. Sai yarinya ta ƙi jin maganar iyaye, ko uwa ta yi alkawari a bakin kogi ta manta.

Da Musulunci ya zo, bai ce wa Bahaushe babu kowa cikin kukar ba. Alƙur'ani ya tabbatar da aljanu, har da sura sukutum da sunansu, ya kuma bayyana cewa cikinsu akwai masu imani da waɗanda suka kauce. Sai iskoki suka samu sabon suna da sabon matsayi: halittu ne kamarmu, bayi ne, su ma hisabi na jiransu. Har cikin bori aka samu iska mai suna Malam Alhaji. A zaurukan malamai kuma ana karanta hadisin nan da ke cikin Muwaɗɗa, na wani ango a Madina da ya tarar da maciji a kan shimfiɗarsa, ya soke shi da mashi, shi ma ya faɗi matacce. Daga nan aka yi umarni a riƙa yi wa macizan gida gargaɗi kafin a kashe su, don kada aljanu ne da suka musulunta. Nakan ajiye labaran nan biyu kusa da juna in yi ta kallo. Bayajida ya kashe maciji ya auri sarauniya, angon Madina ya kashe maciji ya bar amarya da takaba. Yaron Daura da duka biyun yake girma, kuma bai taɓa jin sun yi karo ba.

Jihadin da ya fara a 1804 ya iso Daura, Malam Isiyaku ya ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Amma sauyin da ya fi shafar adabi ba a fada ya faru ba. Malaman jihadi sun ɗauke tsoro daga daji da rijiya suka mai da shi kabari da ranar tsayuwa. Duk mai neman adabin ban tsoro na gaske da Hausa, ya nemi waƙoƙin wa'azi, irin su Jan Mari da Baƙin Mari da abin da Nana Asma'u ta tsara kan firgicin alƙiyama. A cikin irin waɗannan waƙoƙi kabari na matse mai saɓo, Munkar da Nakir na tambaya, wuta na da sarƙoƙi da kunamu da macizai. Ashe macijin bai mutu ba, ƙaura ya yi daga ramin da ake ɗibar ruwa zuwa ramin da kowa zai shiga. Kuma wannan karon babu baƙon da zai zo da wuƙar maƙeran Gaya ya sare shi.

Ƙagaggun labaran boko sun gaji wannan tsari. A gasar 1933 da Rupert East ya shirya, Abubakar Imam, yana malami a Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja, inda aljanu ke taimakon jarumi ya kai ga ruwan da yake nema. Yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, wanda ya kutsa duniyar aljanu da takobi da kalmar shahada. Aljanu sun cika littattafan biyu, amma ba su tayar da tsikar jiki, domin jarumin ya san wanda ya fi su. Wanda ya fi kusa da ban tsoro cikin littattafan wancan zamani shi ne Jiki Magayi, inda sihirin ramuwar gayya ya faɗa kan ɗan da bai ji ba bai gani ba. Can ma ba aljani ne abin tsoro ba, zuciyar mutum ce.

Turawa ma da addininsu suka gina nasu. Dracula na Bram Stoker, na 1897, da gicciye ake korarsa. Sai dai marubucinsu na da wani makami da namu ba shi da shi, wato shakka: rabin littafi kan ƙare kafin likita ko malamin jami'a ya yarda akwai abin. Mai karatun Hausa ya riga ya yarda tun kafin ya buɗe shafin farko. Ya san akwai su, ya san maganinsu, ya karanta Falaƙi da Nasi ya tofa kafin ya kwanta.

Wannan na gane shi ne da kaina, ba a littafi ba. Na taɓa rubuta gajeren labari kan wani mutum da wani abu ke bi daga tsohuwar rijiya a bayan gari, na karanta wa gwaggona ina jiran in ga ta razana. Ta saurara har ƙarshe tana tsince shinkafa, sannan ta ce, "To shi wannan bawan Allah bai iya Ayatul Kursiyyu ba ne?" Na rasa amsa. Wata biyu labarin na ajiye. Da na koma kansa ban ƙara wa abin rijiyar haƙori ko farce ba. Mutumin na sauya. Na mai da shi wanda ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa, ya kuma dafa Alƙur'ani a gaban alƙali cewa tasa ce. Ya iya ayar sarai, tun yana makarantar allo ya haddace ta. Amma a daren da abin ya tsaya masa a ƙofar ɗaki, ya buɗe baki zai karanta, sai ya tuna hannun da ya ɗora a kan Littafin. Da na sake karanta wa gwaggo, ta ajiye faifan, ta ce in tashi in kunna fitila.