Sunan "Soyayya" da Iyakokinsa a Tarihin Ƙagaggun Labaran Hausa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin kalmar "soyayya" a matsayinta na sunan wani rukuni na ƙagaggun labarai, da kuma duba ma'aunin da masu karatu suke amfani da shi wajen raba shi da maƙwabtansa. Muhimmancin batun shi ne, sau da yawa sunan da aka laƙaba wa littafi shi yake jawo masa hukunci tun kafin a buɗe shi.

Ma'aunin Masu Karatu a Amurka

Za mu fara da wani misali daga waje, domin ya zama madubi. A shekarar 1984 Janice Radway ta fitar da nazarin da ta yi a kan wasu mata 42 masu karanta labaran soyayya a Amurka. Abin da ta gano shi ne, a wurin waɗannan mata kasancewar so a cikin labari bai isa ba. Tilas ne dangantakar masoyan biyu ta zama ginshiƙin labarin, kuma a ƙare da farin ciki. Wato dai ma'auninsu ya rataya ne a kan yadda labari ya ƙare. Sai mu tambaya, shin haka abin yake a wurin Bahaushe?

Kafin Sunan Ya Kafu

Daga cikin littattafan da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 akwai Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Labarin ya faro ne da son da ke tsakanin Abubakar da Zainabu, har wani mai dukiya ya raba su. Amma duk da haka ba a cika lissafa shi cikin littattafan soyayya ba, domin ramuwar gayya ce take jan zaren labarin har ƙarshensa. A nan so sanadi ne kawai, ba jigo ba.

A shekarar 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. A cikinsu ne so ya tashi daga matsayin sanadi ya koma jigo, kuma tambayar da ke riƙe da mai karatu ta zama guda: shin masoyan za su tsallake shingen da aka gindaya musu su yi aure?

Zamanin Kasuwa

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu, musamman a Kano. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, ya zama zakaran gwajin dafi: Sumayya tana son Muhammad talaka, gida kuwa ana son ta auri mai kuɗi. Daga nan za a ga cewa ma'aunin Bahaushe ya fi karkata ga irin shingen da ke tsakanin masoya, wato auren dole da bambancin arziki da ikon iyaye. Da wannan ne yake raba na soyayya da na yaƙi ko na aljanu, ko da kuwa jarumin can ma yana da gimbiyar da yake nema.

To, amma kasuwa ba ta tsaya ga wannan tacewa ba. Sunan ya yaɗu har ya rufe kusan duk abin da matasan suka buga. Alal misali, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kora tare da 'ya'yanta bayan ya ƙaro aure. Jigonsa zaman aure ne da zaluncin maigida, amma shi ma an zuba shi cikin kwandon soyayya.

Wannan cakuɗuwa ta yi tasiri a muhawarar da aka tafka a jaridu cikin shekarun 1990, inda Ibrahim Malumfashi ya kira rubuce-rubucen Adabin Kasuwar Kano, bisa kwatanci da na kasuwar Onica, Abdalla Uba Adamu kuwa ya tsaya a kan cewa adabi ne da ya cancanci nazari. Har ta kai a 2007 an ƙona wasu littattafan a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, kalmar "soyayya" tana ɗauke da ma'ana biyu: sunan jigo, da sunan kasuwa. Na farko masu karatu ne suka tace shi, na biyu kuwa ciniki ne ya faɗaɗa shi. Wajibi ne ga malami da ɗalibin adabi su fayyace wanne suke nufi kafin su yanke hukunci, domin kada a yi wa littattafai masu jigogi dabam-dabam kuɗin goro.