Maganin Duk Cuta: Yadda 'Yan Kasuwar Ingila Suka Bi Sawun Sojojinsu Da Kwalabe

Masu karatu, yau za mu ɗan ajiye ƙagaggen labari mu leƙa tarihi, kuma abin da ya jawo haka wata tafiya ce da na yi kwanan baya. Muna zaune a tasha muna jiran mota ta cika, sai ga wani bawan Allah da lasifika da jaka cike da kwalabe, yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana maganin basir, shawara, ciwon baya, sanyin ƙashi da hawan jini. Wata baiwar Allah mai goyo ta kwance bakin zane ta sayi biyu. Wani dattijo kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Ai a ƙasar Turawa ba a taɓa yin irin wannan ba." Na yi shiru don girmansa, amma a zuciyata na ce Baba bai san labarin Thomas Holloway ba.

Sarauniya Biktoriya ta hau gadon sarautar Ingila a 1837, ta rasu a 1901. A shekarar da ta hau ne wannan Holloway, wanda bai taɓa karatun likita ba, ya fara sayar da man shafawa a birnin Landan, daga baya ya ƙara da ƙwayoyi. Da masana suka bincika ƙwayoyin, sai suka tarar galibin abin da ke ciki ɗacin ganyen aloe ne, wato dangin alobera, wanda aikinsa wankin ciki. Amma a takardar talla babu cutar da ba su warkarwa, tun daga zazzaɓi har ciwon hanta. Holloway ya gane cewa jarinsa na gaskiya shi ne talla. A 1842 yana kashe fam 5,000 a shekara wajen talla, kafin rasuwarsa a 1883 kuɗin ya kai wajen fam 50,000. Ya sa aka buga bayanin shan maganin da Larabci, Turkanci, Sinanci da harsunan Indiya da dama. A Ostareliya, inda ake fama da ƙarancin canji, har kwabban tagulla ya sa aka buga masu ɗauke da hoton kansa da shekarun 1857 da 1858, mutane suna ciniki da su. Ka ga kenan duk wanda ya karɓi canji ya karɓi talla. Da ribar ne ya gina kwalejin mata ta Royal Holloway, wadda Sarauniya ta buɗe da kanta a 1886, kuma har gobe tana cikin Jami'ar Landan.

Sai Thomas Beecham, wanda da kiwon tumaki ya fara rayuwa kafin ya kafa masana'antarsa a garin St Helens. Kirarin da ya yi wa ƙwayoyinsa shi ne wai kowane akwati ya cancanci gini guda, wato sule 21, alhali ana sayar da shi sule ɗaya da kwabo ɗaya da rabi. Mai saye sai ya ga ai garaɓasa ya samu. A 1909 ƙungiyar likitocin Birtaniya ta fitar da littafi mai suna Secret Remedies, inda ta tona asirin irin waɗannan magunguna. Na Beecham aka samu aloe ne da citta da sabulu, kuma kuɗin kayan haɗin akwati mai ƙwaya 56 bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na kwabo ba, wato da kaɗan ya ɗara anini. Duk da wannan tonon silili ba a daina yin ƙwayoyin ba sai 1998.

Akwai wani abu game da wannan kwabo ɗaya da rabi da ke kan sulen. Haraji ne na gwamnati, kuma shaidar biyansa wani hatimin takarda ne da ake liƙawa a jikin akwati. Gwamnati ba ta gwada maganin ba, kuɗinta kawai ta karɓa. Amma mai saye, musamman wanda ke nesa da Ingila, in ya ga hatimin hukuma sai ya ɗauka an tabbatar da ingancinsa, su kuwa masu sayarwa ba su damu su gyara masa fahimta ba.

To, me ya sa ƙasashen da aka mallaka suka zama babbar kasuwa? Ka duba halin Baturen da aka tura Indiya ko daji a Ostareliya ko gaɓar Afirka ta Yamma. Likita na nesa, in ma akwai shi yana da tsada, ga zazzaɓi da atini da kwalara suna ɗibar mutane. Kwalba kuwa ba ta lalacewa a jirgin ruwa, ba ta buƙatar takardar likita, kuma tana tuna masa gida. Duk inda soja da ɗan mishan da ma'aikacin kamfani suka sauka, akwatin magani na cikin kayansu, daga nan sai ya shiga kanti, daga kanti sai hannun 'yan ƙasa.

Na su Holloway ma da sauƙi, don iyakarsa ya sa ka zarya bayan gida. Mai haɗari shi ne irin Chlorodyne, wanda wani likitan sojan Birtaniya a Indiya, John Collis Browne, ya haɗa a 1848 don masu kwalara. A cikinsa akwai mofin da ake samu daga ofiyom, da kulorofom, da ruwan wiwi. Yana tsayar da gudawa, yana kashe raɗaɗi, yana sa barci, don haka mai sha yana ganin aikinsa nan take. Da aka mayar da shi hajar kasuwa sai aka riƙa tallarsa don tari, asma da ciwon haƙori. Mutane da yawa suka kamu da jarabarsa, wasu suka zarce ƙa'ida suka sheƙa barzahu. Dokar sayar da guba ta 1868 ta yi wa irin waɗannan magunguna sassauci, sai a farkon shekarun 1890 kotu ta tilasta a riƙa rubuta "guba" a jikin kwalbar.

Jarirai ma ba su tsira ba. Daga Amurka aka riƙa shigo da Mrs Winslow's Soothing Syrup, ruwan lallashin yaro mai haƙori, wanda mofin ne ke sa shi barci, wani yaron ma barcin da ba a tashi. Shi kuwa Gripe Water da iyayenmu mata suka sani sarai, William Woodward ne ya fara haɗa shi a Nottingham a 1851. A asalin haɗin akwai barasa, kuma ba a cire ta daga na Birtaniya ba sai farkon shekarun 1990.

Abinci ma haka aka yi da shi. Bovril, wato romon naman shanu da aka kafe a kwalba, wani mutumin Sikotilan mai suna John Lawson Johnston ne ya ƙirƙiro shi, ya sa masa wannan suna a 1886. A 1900, ana tsakiyar yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu, kamfanin ya fitar da taswira yana nuna wai hanyar da Lord Roberts ya bi da rundunarsa ta zana haruffan sunan Bovril. Kamfanin sabulun Pears ya fi kowa rashin kunya. Yana da talla da ke nuna an yi wa yaro baƙar fata wanka ya koma fari. A 1887 kuma, bayan faɗace-faɗacen da aka yi da mutanen Mahadi, ya zana mayaƙan Sudan tsaye cikin mamaki a gaban dutse da aka rubuta sunan sabulun. Saƙon a fili yake: mu ne masu tsafta da lafiya, ku kuwa sai kun saya daga gare mu.

Wani abin dariya, dabarar takan juya ta koma gida. A 1899 aka fara sayar da Bile Beans a Ingila, da labarin cewa wani babban masani, Charles Forde, ya samo sirrinsa daga wani tsiro da 'yan asalin Ostareliya suke amfani da shi. A 1905 wata kotu a Sikotilan ta gano babu wani masani mai wannan suna, babu kuma tsiron. Wato mutanen da ake kira jahilai a talla guda, su ne ake fakewa da hikimarsu a wata tallar.

Adalci ne in faɗi cewa akwai na gaskiya a cikin kayan. Kwinin yana aiki. A 1854 likita William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad, ya sa mutanensa shan kwinin kullum, suka dawo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Wannan ya buɗe wa Turawa hanyar shigowa cikin ƙasa, kuma shi Baikie ne ya zauna a Lokoja har ya koyi Hausa. Kamfanin Burroughs Wellcome, wanda aka kafa a 1880, ya ba matafiyi Stanley akwatunan magani don tafiyarsa ta 1887, sannan ya yi talla da sunansa. Matsalar ita ce na gaskiya da na bogi a kanti ɗaya suke, kwalba iri ɗaya, kirari iri ɗaya.

Mutanen Indiya ba su tsaya kallo ba. A 1884 likita S. K. Burman ya kafa Dabur a Kalkata, a 1893 aka fara man Amrutanjan a Bombay, duk da salon kwalba da lakabi da tallar jarida da suka gani wajen Turawa. Mu nan Kano ba ta faɗa hannun Turawa ba sai 1903, bayan rasuwar Biktoriya, don haka abin ya iso mu ne ya riga ya ƙosa.

Abin da ya kawo ƙarshen wancan zamani a Ingila shi ne tilasta wa mai magani ya rubuta abin da ke cikin kwalbarsa, kuma dokar ba ta tabbata ba sai 1941. Har yanzu ina tuna waccan mai goyo, domin ban san abin da ke cikin kwalaben da ta saya ba, ita ma ba ta sani ba, kuma ni da na san labarin Holloway ban buɗe baki na ce mata komai ba. Don Allah 'yan uwa, kafin a ɗura wa yaro wani abu, a tambayi me ke ciki, in mai sayarwa ya ce sirri ne, a mayar masa da kayansa. Allah ya ba mu lafiya, ya kuma tsare mana zuri'a.